Hular Kyaftin Ta Riga Shi Sauka

Duk unguwarmu Kyaftin ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Tsohon direban bas ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar mutane da buhuna. Da ya ajiye aiki sai kawai muka wayi gari muka gan shi da wata farar hula mai baƙin baki da tambarin fiffike a goshi, ya ce ai kafin bas jirgin sama ya fara tuƙawa. Ni kuwa tela ne, bencin da ake zaman hira a ƙofar shagona yake, saboda haka duk ƙaryar da zai shirga a kunnena take fara sauka. Na ji yadda ya sauke jirgi a kan gada da taya ɗaya. Na ji yadda ya yi ribas a cikin gajimare don ya ɗauko fasinjan da aka manta. Ranar da Mai Faci ya tambaye shi ko jirgi yana yin faci a sama, cewa ya yi sosai ma, shi da hannunsa ya taɓa canza taya jirgin yana tafe.

Abin da ya ƙara masa ƙarfin baki shi ne Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Ita da gaske ta je makarantar tuƙin jirgi, ta sha wuya har ta rame, ta dawo ta kama aiki a ƙaramin filin jirgi da ke bayan gari, tana tuƙa wani ɗan jirgi mai kujera huɗu da ke kai magunguna ƙauyuka. Ranar da ta dawo kowa ya yi mata barka, shi kuwa uban ya gyara zaman hula ya ce ai babu abin mamaki, shi ya koya mata komai tun tana rarrafe, makaranta takarda kawai ta ba ta. Yarinyar ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ni da na san ta tun tana zuwa tsintar ƙyalle a shagona na ga abin ya sosa mata rai, kuma ya ci gaba da sosa mata, don kullum sai ya maimaita.

Wata rana ya taɓo ni inda ba a taɓawa. Ya ɗaga rigar da na gama ɗinkawa a gaban jama'a, ya ce aljihun ya karkace, telolin kamfanin jirgi da ke yi masa kaki a da ba za su ɗauke ni ko saka maɓalli ba. Raina ya ɓaci. Na ce to, ga fili ga mai doki, ga jirgi a hannun 'yarka. Idan ya hau ya zagaya gari da hannunsa ya sauko lafiya, ni zan ɗinka masa cikakken kaki na kyaftin kyauta, har da igiyoyin kafaɗa. Idan ya kasa, hular nan a ƙusar shagona za ta kwana har abada, sunan Kyaftin kuma ya bi ta. Na zaci zai zame kamar yadda ya saba. Ina, mutumin naka ya buga ƙirji ya ce a kira shaidu, kuma lallai ni in zauna a kujerar baya don in gani da idona.

Auta ta so ta hana, ya ce wato tana tsoron a gane malaminta ya fi ta. Daga ƙarshe ta yarda a kan sharaɗi: ita za ta tashi, ita za ta sauka, shi zai zauna a damarta, in an daidaita a sama ya ɗora hannu a kan sitiyarin da ke gabansa, ban da haka kada ya taɓa komai. Ya ce ya ji, ya fito ya gaya wa unguwa cewa zai ɗauki Auta a matsayin 'yar rakiya.

Bai tsaya nan ba. Ya bi gida gida yana gayyata. Ya sa Mai Gyaran Rediyo ya kawo akwatin da ke kama maganar jirage ya haɗa shi da wata ƙatuwar lasifika, don kada kowa ya ce bai ji umarnin Kyaftin daga sama ba. Ranar tafiya da hantsi bakin shingen filin ya cika. Ga Mahauci ya rufe rumfa, ga Mai Aski ya baro mutum da rabin kai, ga matan unguwa da lema, ga uwar Auta a kan kujerar roba ta naɗe hannu, fuskarta irin ta wadda ta riga ta san ƙarshen labari.

Kyaftin ya iso da kaya kamar mai ƙaura. Jarkar ruwa don lagireto, jak, filo, da wani ƙaton dutse na tare taya. Auta ta tambaye shi dutsen fa, ya ce ko da za a tsaya a kan tudu. Ta sa aka mayar da su duka. Ya zagaya jirgin yana harbin tayoyi da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi ya ce bai ga safaya ba, ya ƙwanƙwasa fiffike ya girgiza kai ya ce a zamaninsu ƙarfe ake sakawa, ba gwangwanin madara ba. Da muka shiga sai ya hau laluben hon. Auta ta ce babu. Ya juyo ya dube ni ya ce ka ga irin lalacewar zamani.

Ta ba mu abin sawa a kunne mai ɗan makirufo a baki, ta nuna masa wani jan maɓalli a kan sitiyari. Ta ce in bai danna ba, mu uku kaɗai ke jin juna, in ya danna, duk mai rediyo a ƙasa zai ji shi, don haka ya danna ya yi gajeriyar gaisuwa ya saki. Abin kunnen ya ƙi zama a kan hula, shi kuma ya rantse ba zai tashi kai babu hula ba, sai ya ɗora ta a saman abin kunnen, ta zauna ɗoɗar kamar murfin tukunya. Auta ta miƙa hannu za ta rufe masa ƙofa, ya ture hannun. Ya ce shekarun da ya yi yana rufe ƙofar mota sun fi nata a duniya. Ya ja ƙofar ya buga ta da ƙarfi, ya bubbuga jikin jirgin da tafin hannu irin yadda ake sallamar direba a tasha, ya ce a tafi. Ashe jelar bel ɗin kujerarsa, har da ƙarfen bakinta, tana lilo a waje.

Jirgi ya ɗauki gudu a kan titinsa. Kyaftin ya gyara murya, ya danna jan maɓalli, ya ce, "Jama'a, Kyaftin ke magana. Yanzu zan ɗaga ta a hankali, ku lura da hannun gwani."

Bai rufe baki ba ƙasa ta sake mu. Ni kaina na kama salati a ɓoye. Amma shi, da ya leƙa ya ga rufin gidaje sun koma kamar akwatunan ashana, sai maganar ta tsinke masa a wuya. Ya damƙe sitiyarin da hannun hagu, babban yatsansa ya sandare a kan jan maɓallin, kuma daga nan bai ƙara ɗagawa ba.

Sai ga wata ƙara daga gefensa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana dukan jirgin da guduma. Kyaftin ya ce shi ke nan, inji ya buga, shi ya san wannan kukan, haka bas ɗinsa ta yi kafin ta mutu a kan gada. Auta ba ta ko juyo ba. Ta bi agogunan gabanta da ido ɗaya bayan ɗaya, ta saurari injin, ta ce lafiyarsa ƙalau, mai ya isa, zafi daidai. Sannan ta dubi cinyarsa ta ce jelar bel ɗinsa ce iska ke bugawa a jikin jirgi, ba abin da za ta yi sai dai ta ɗan kankare fenti, za a gyara in an sauka. Ya ce yarinya ba ta san inji ba, in ba inji ba ne to taya ce ta kwance. Kuma kafin a ce kwabo ya yi abin da kowane direban bas ke yi in ya ji ƙara: ya buɗe 'yar tagar gefensa da hannun dama ya zura kai zai duba taya.

Iska ta shigo kamar an buɗe ƙofar guguwa. Kumatunsa suka hau kaɗawa. Farar hular nan kuwa ta tashi fir, ta yi juyi a gaban idona ta fice. A lokacin Auta tana zagaye a saman filin don mutane su gan mu, sai na hango hular tana gangarawa a hankali tana lilo, ta nufi kan jama'a. Ya jawo kai ciki da ƙyar ya rufe tagar, ya shafa sanƙonsa ya ji wayam. Ya ce a juya a ɗauko ta, a yi ribas. Na ce masa ai shi ne gwanin ribas a gajimare, bismilla.

A nan Auta ta lura da yatsansa. Ta ce, "Baba, saki maɓallin, ana jin ka a ƙasa."

Ƙarar iska da ta bel ba su bar shi ya ji ƙarshen maganar ba, saki kawai ya ji. Ya ce wallahi ba zai saki ba, in ya saki sitiyarin nan duk mun mutu, shi ke riƙe da jirgin. Ta sake faɗa, ya ƙara damƙewa. Ta juyo ta ce da ni, Kawu Tela, ga wayar abin kunnensa nan ta gefen kujera, ka zare ta. Na miƙa hannu. Allah ya sani hannuna ya kai, zuciyata ce ba ta kai ba. Na tuna aljihun da aka ce ya karkace, na ce mata bel ya ɗaure ni, ba na iya kaiwa.

Ana cikin haka wata rina, da ban san inda ta maƙale ba tun a ƙasa, ta fito daga ramin shigar iska. Ta zagaya kaina, ta duba Auta ta ga ba wasa a nan, ta je ta sauka a kan hancin Kyaftin. Idanunsa suka haɗu wuri ɗaya. Auta ta ce kowa ya zauna yadda yake, rina ba ta kayar da jirgi, mai korar rina ne ke kayarwa. Shi kuwa ya hau yi wa rinar magiya da baki a murɗe, yana ce mata baiwar Allah, me ya yi mata, ta dubi girman Allah ta koma kan Tela, shi ya fi nama. Da na ji haka na ce bari in taimaki aboki. Na cire takalmina na auna, na sauke shi a kan hancin. Rinar ta riga ta tashi, takalmin ne kawai ya isa.

Bai gama tsine mini ba jirgin ya faɗa wata gargadar iska, ya yi ƙasa ya yi sama. Kyaftin ya ce rami, ya kai ƙafa ya taka abin da ya zaci birki ne da duk ƙarfinsa. Ashe abin juya wutsiyar jirgi ne. Hancin jirgin ya karkata gefe, na tafi na rungumi taga, rinar ma sai da ta bugu da gilashi. Auta ta taka nata ta daidaita shi, sannan ta yi magana da muryar da ban taɓa jin ta yi wa ubanta ba. Ta ce ya ɗauke ƙafafunsa yanzun nan. Ya ɗauke su cak ya naɗe a kan kujera kamar yaro a wurin aski.

Wannan jijjigar ce ta ƙarasa ƙofar. Dama jelar bel ta hana ta kamawa da kyau, sai ta yi ɓas ta buɗe kamar faɗin yatsu biyu, haske da iska suka shigo ta tsagar. Auta ta ce kada ya damu, iska ba za ta bari ta wuce haka ba, bel yana riƙe da shi, yanzu za ta juya mu sauka a rufe. Ina, ido ya riga ya raina fata. Ya leƙa ta tsagar ya ga ƙasa can nesa, sai ya kwantsama ihun da fasinjoji suka shekara suna yi masa.

"Akwai sauka! Direba, akwai sauka! A tsaya gefe!"

Auta ta ce babu gefe a nan, Baba. Daga nan bakinsa ya ɓalle. Ya ce shi dai yau tasa ta ƙare, gara ya tafi da nauyi kaɗan. Ya ce in shaida, hular nan a gwanjo ya saye ta, a cikin tulin kayan sanyi. Hoton da ke falonsa, wanda ya dafa jirgi, a shagon mai hoto aka ɗauka, jirgin zane ne a jikin labule. Bai taɓa hawa abin da ya fi rufin bas tsawo ba, ranar ma da tsani aka sauko da shi. Ya ce aljihuna bai karkace ba, hassada ce. Ya ce in gaya wa Mai Aski askinsa ne ya cinye masa gashi amma ya yafe, in gaya wa uwar Auta ita ce mai gaskiya a duk faɗan da suka taɓa yi, ban da na maganar labulen ɗakinsu. Ni dai ina baya ina cewa na'am, na shaida, ƙara faɗa da ƙarfi saboda iska.

Sai kuma muryarsa ta sauka. Ya dubi 'yarsa, tana riƙe da jirgin da yatsu kamar mai riƙe allura, idonta a kan titin sauka, ko gumi babu a goshinta.

"Auta," ya ce, "ban koya miki komai ba. Ko keke uwarki ce ta koya miki. Kunya ce ta sa nake faɗa, don kin je inda ban taɓa zuwa ba. Ke ce kyaftin, 'yata. Ki sauke tsohonki lafiya."

Auta ta ɗan dube shi, ta mayar da ido kan titin sauka. Ni kuwa dariyar da nake dannewa sai ta tsaya mini a ƙirji. Da yake yatsansa ya toshe rediyon, mutumin hasumiyar filin ya kasa yi mana magana, sai ya haska mata koriyar fitila, alamar ta sauka. Ta rage wuta, ta miƙe hancin jirgin, ta ajiye mu a ƙasa a hankali, ko ruwan kofi ba zai zube ba.

Da farfelar jirgin ta tsaya, ni da Auta muka haɗu muka ɓanɓare yatsunsa daga sitiyari ɗaya bayan ɗaya. Ya sauko, ya taka ƙasa ya ji ta da ƙarfi, ya shaƙi iska. Kafin mu kai shinge mutumin ya dawo hayyacinsa, har da tafiyar ƙasaita. Ya matso kusa da ni ya ce abin da aka faɗa a sama a sama yake zama, ko ba haka ba. Na ce ni dai bakina alaikum.

Jama'a sun yi tsit, kowa ya cije leɓe. Ya ɗaga hannu ya ce su yi haƙuri da jinkiri, an sami matsaloli manya a sama, inji ya buga, ƙofa ta fita, wani tsuntsu mai dafi ya shigo, amma da yake akwai gwani a ciki, ya ce wa yarinyar ta kwantar da hankalinta ya karɓi jirgin. Hular ma shi ya jefo ta da gangan don su san iska ta ina take kaɗawa.

Mai Aski ne ya fara. Ya tako gaba ya ce ya gode da yafiyar da aka yi masa. Mahauci ya ce shi tsanin nan yake son a ba shi labari. Mai Faci ya tambaya ko shagon mai hoton yana nan, shi ma yana son ya dafa jirgi. Kyaftin ya tsaya baki buɗe, ya dubi ƙatuwar lasifikar, ya dubi babban yatsansa da har yanzu shatin maɓalli ke kai. Sai wata tsohuwa daga baya ta siranta murya ta ce akwai sauka, filin gaba ɗaya ya ɗauka. Mutane suka zube a ƙasa, Mai Gyaran Rediyo ya rungume akwatinsa yana hawaye, har ma'aikatan filin sun dafa bango. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa ya doka, don da kuɗin motarsa aka ɗauko lasifikar.

Uwar Auta ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta taso da farar hular a hannu, ashe a gaban kujerarta ta faɗo. Ta kaɗe mata ƙura ta miƙa masa, ta ce ta ji saƙo, kuma maganar labule ma ita ce mai gaskiya. Ni kuwa na miƙa hannu, don alkawari kaya ne, ƙusa tana jira a shago.

Ya juya hular a hannunsa, ya shafa tambarin fiffiken da yatsa. Wallahi sai ya ba ni tausayi, don ban taɓa ganin sa ƙarami haka ba. Ya wuce hannuna kamar bai gani ba, ya je gaban Auta, ya ɗora mata hular a kan mayafinta da hannu biyu. Ta yi mata yawa, ta zamo har kan hanci. Yarinyar tana dariya hawaye na zuba ta ƙarƙashin hular, filin ya kaure da tafi. Na mayar da hannuna aljihu, don ba ni da fuskar da zan karɓe ta daga wannan kan.

Sunan Kyaftin dai ya bar shi daga ranar, Akwai Sauka ya maye gurbinsa, har yara masu zuwa makaranta sun haddace. Ya ɗauke ƙafa daga bencina na ɗan lokaci. Sai wata safiya ga shi da hular a leda, kumburin hancinsa bai gama sacewa ba, ya ce in rage mata faɗi ta zauna daidai kan Kyaftin Auta, kuma in yi a hankali, ba kan kowa ba ne. Na zare zare na fara aiki, ya ja kujera ya zauna a kaina yana leƙe. Can ya ce in ɗan karkata allurar. Na karkata. Ya gyaɗa kai, ya juya wajen mutanen benci ya nuna ni da baki.

"Kun gan shi nan? Ni na koya masa ɗinki."